Kaifin ji da ƙishirwar sabon abu: yadda halaye biyu ke zama a jikin mutum ɗaya

A 'yan shekarun nan gwaje-gwajen sanin hali sun cika intanet. Mutum zai amsa tambayoyi ashirin ko talatin, a ƙarshe a faɗa masa ko shi wane iri ne. Biyu daga cikinsu sun fi jefa jama'a cikin ruɗani. Akan samu wanda ya amsa na farko aka ce masa yana cikin masu kaifin ji, waɗanda hayaniya da cunkoso da haske mai yawa ke saurin gajiyar da su. Ya amsa na biyu kuma aka ce masa yana cikin masu ƙishirwar sabon abu, waɗanda zama wuri ɗaya ke gundurarsu. To wanne ne gaskiya? Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ne ya yi kuskure, ko mutumin ne bai san kansa ba?

Abin da nazarin halayyar ɗan Adam ya nuna shi ne, duka biyun na iya zama gaskiya. Halayen ba a kan sikeli ɗaya suke ba, ta yadda in wannan ya hau dole wancan ya sauka. Kowanne da ma'auninsa, kowanne da tarihinsa, kuma akwai shekara talatin da 'yan kai tsakanin lokacin da aka fara auna ɗaya da lokacin da aka fara auna ɗayan. Wahalar tana ga wanda ya haɗa su, domin abin da ɓangare ɗaya na halinsa ke nema, shi ne yake gajiyar da ɗaya ɓangaren.

## Mene ne kaifin ji?

A shekarar 1997 Elaine Aron da mijinta Arthur Aron, masana halayyar ɗan Adam a Amurka, suka wallafa binciken da ya kafa wannan fage, tare da ma'auni mai tambayoyi 27. Tambayoyin ba masu wuya ba ne. Ƙara mai ƙarfi tana takura maka? Yanayin da na kusa da kai suke ciki yana shafarka? Kana saurin firgita? Kana rikicewa in aka jibgo maka ayyuka da yawa cikin ɗan lokaci? Kiɗa ko zane yana ratsa ka sosai? In an zuba maka ido kana aiki, kakan kasa yin sa yadda ka saba?

Daga baya Elaine Aron ta taƙaita halin a alamomi huɗu, kuma ta farko ce tushen sauran: zurfin sarrafa abin da ya shigo ƙwaƙwalwa. Kunnen mai kaifin ji bai fi na kowa ji ba, idonsa bai fi na kowa gani ba. Abin da ya gani ko ya ji ne yake daɗewa yana jujjuya shi, yana haɗa shi da abin da ya wuce, yana auna abin da zai biyo baya. Saboda haka yakan lura da ƙananan abubuwa, kamar sauyin murya ko ɗan canji a fuskar abokin magana. Abu yakan taɓa zuciyarsa da ƙarfi, na daɗi da na baƙin ciki, nasa da na wasu. Kuma tunda kowane abu sai ya bi wannan doguwar hanya, kansa yana saurin cika. Awa uku a taro mai hayaniya, wani zai fito garau, shi kuwa sai ya nemi ɗaki shiru.

Ana yawan rikita wannan da kunya ko ƙin shiga mutane, alhali Aron ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na masu kaifin ji masu son jama'a ne. Game da yawansu a cikin al'umma, ita ta ce kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Wani bincike da Francesca Lionetti ta jagoranta a 2018 ya kasa mutane gida uku: kusan kashi 30 masu kaifin ji sosai, kashi 40 a tsakiya, kusan kashi 30 kuma abubuwa ba su cika ratsa su ba.

Halin yana bayyana da wuri. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya yi nazari a kan jarirai 'yan wata huɗu, yana nuna musu abin da ba su saba gani ko ji ba. Kusan kashi 20 cikin 100 sukan fara wutsil-wutsil da hannu da ƙafa su fashe da kuka, kuma da yawa daga cikinsu sun taso masu taka-tsantsan, ko da yake ba duka ba. Wani nazari a kan tagwaye matasa a Birtaniya, wanda Elham Assary da Michael Pluess suka yi da abokan aikinsu, ya danganta kusan kashi 47 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali ga gado, sauran kuma ga abin da kowa ya tarar a rayuwarsa.

Akwai wani abu da ake mantawa da shi. Jay Belsky da Pluess sun nuna cewa mai kaifin ji ba mugun muhalli kaɗai ke shigarsa fiye da kowa ba, har da kyakkyawa. A wani nazari na 2015 a Ingila, an koyar da 'yan mata 'yan makaranta dabarun kare kai daga ciwon damuwa, kuma waɗanda suka fi kaifin ji su ne darasin ya yi wa amfani a fili.

## Ƙishirwar sabon abu da rassanta huɗu

Tarihin wannan halin ya faro ne daga ɗakin da babu komai a ciki. A farkon shekarun 1950, a Jami'ar McGill da ke Kanada, masu bincike a ƙarƙashin Donald Hebb sun riƙa biyan ɗalibai dala 20 a rana don su kwanta a wani ɗan ɗaki, an rufe musu ido da tabarau mai dishi-dishi, an naɗe musu hannu, ba abin da suke ji sai ƙugin na'ura. Kuɗin da yawa a wancan zamani, amma akasarinsu ba su wuce kwana biyu ko uku ba. Ƙwaƙwalwa ba ta jure yunwar abin da za ta sarrafa.

Marvin Zuckerman, wanda ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya gudanar da irin waɗannan gwaje-gwaje, sai hankalinsa ya koma kan bambancin da ke tsakanin mutanen: me ya sa wani ke buƙatar motsi da sabon abu fiye da wani? A 1964 ya fitar da ma'auninsa na farko. Wanda aka fi amfani da shi ya fito a 1978 da tambayoyi 40, ya kuma raba halin gida huɗu. Akwai son kasada ta jiki, irin hawan tsauni, gudu da abin hawa ko dira daga jirgin sama da lema. Akwai neman sabon sani ta hanyar tafiye-tafiye, fasaha, sababbin ra'ayoyi da cuɗanya da mutanen da ba irinka ba. Akwai sakin linzami, wato son shagali da karya dokar da jama'a suka saba bi. Na huɗu shi ne saurin gundura, rashin jure maimaici ko mutumin da kullum zancensa ɗaya.

Wannan rabe-rabe shi ne mabuɗin lamarin duka. Mutum na iya yin sama ƙwarai a reshe biyu, ya yi ƙasa a sauran biyun. Wanda ba zai taɓa dira daga jirgi ba, ba ya kuma sha'awar shagalin dare, yana iya kasancewa mai tsananin son sabon sani da saurin gundura. Mai kaifin ji da ke da wannan ƙishirwa galibi a nan ake samunsa. Shi ya sa Aron ta tsara nata gwajin na ƙishirwar sabon abu, ta cire tambayoyin da ke nuna jefa kai cikin babban haɗari, don ta lura cewa masu kaifin ji sukan ce a'a ga irin waɗannan tambayoyi ko da suna da halin.

Shekaru suna da tasiri. Laurence Steinberg da abokan aikinsa sun yi nazari a kan mutum fiye da 5,000 'yan shekara 10 zuwa 30 a ƙasashe 11, suka wallafa a 2018 cewa ƙishirwar tana kai ƙololuwa a wajen shekara 19 sannan ta fara sauka, ikon kame kai kuwa yana ci gaba da girma har cikin shekaru ashirin da wani abu. A matsakaici maza sun fi mata son kasada ta jiki, amma a reshen neman sabon sani kusan babu bambanci. Gado ma yana da hannu: wani nazarin tagwaye na 1980 ya sa tasirinsa a kashi 58 cikin 100.

## Me ya sa ba kishiyoyi ba ne?

Bayanin da aka fi dogara da shi ya fito daga aikin Jeffrey Gray, masanin Birtaniya, tun daga shekarun 1970. Gray ya ce a ƙwaƙwalwa akwai tsarin da ke tura halitta zuwa ga abin da take sa ran samun lada a cikinsa, wanda sinadarin dofamin ke da babban hannu a ciki, akwai kuma wani tsari daban da ke sa ta dakata ta duba in ta ci karo da abin da ba ta sani ba ko abin da ke da alamar haɗari. Aron ta danganta kaifin ji da tsarin dakatawa a duba, ƙishirwar sabon abu kuma da tsarin tunkarar lada.

Tunda tsarin biyu ne, ƙarfin ɗaya bai hana ɗayan ƙarfi ba. Wani nasa na tunkara ne mai ƙarfi, na dakatawa mai rauni: shi ne mai faɗawa abu kafin ya yi tunani. Wani akasin haka: ya fi son rayuwa mai tsari, abin da ya sani ya ishe shi. Wani duka biyun nasa masu sanyi ne, ba abin da ke ɗaga masa hankali, ba kuma abin da ke jansa. Na huɗu shi ne wanda duka biyun ke aiki da ƙarfi. Masu wannan hali sukan kwatanta kansu da direban da ƙafarsa ɗaya ke kan totur ɗaya kuma kan birki.

Abin da hakan ke haifarwa shi ne ƙuncin fili. Kowane mutum yana da iyaka ta ƙasa, wadda in abin da ke faruwa a kewayensa bai kai ta ba zai gundura, da iyaka ta sama, wadda in an wuce ta kansa zai ɗauki zafi. Yawancin mutane suna da fili mai faɗi tsakanin iyakokin nan. Ƙishirwar sabon abu tana ɗaga iyakar ƙasa, kaifin ji kuma yana sauko da ta sama. Wanda ya haɗa su sai ya zamana ɗan siririn wuri ne ya rage masa da zai ji daidai. Kwana biyu a gida shiru, ya fara jin kamar an ɗaure shi. Kwana biyu a waje cikin hidima, ya fara jin kamar an tatse shi.

A nan ne kuskure mafi tsada ke faruwa, domin gundura da cikar kai, wato abubuwa su yi wa ƙwaƙwalwa yawa, suna da kama a jiki. Duka biyun suna zuwa da rashin sukuni, saurin fushi, kasa tattara hankali, da jin cewa dole a bar inda ake. Mutumin da kansa ya cika yana iya zaton gundura ce ke damunsa, sai ya ƙara fita, ya ƙara ɗaukar aiki, ya ƙara daɗewa a kan waya, ya wayi gari ya fi jiya gajiya. Wanda gundura ke ci kuma yana iya zaton gajiya ce, sai ya ƙara kulle kansa, ya soke duk abin da ya shirya, zuciyarsa ta ƙara nauyi bai san dalili ba. Kowannensu ya sha maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba. Daga nan ake samun zagayen da masu halin ke yawan bayyanawa: makonni na ɗoki da karɓar kowace gayyata, sai durƙushewa, sai ɓuya, sai gundura, sai a koma farko.

Wajibi ne kuma a raba ƙishirwar sabon abu da garaje. A 2001 Stephen Whiteside da Donald Lynam sun nuna cewa abin da ake kira garaje ba abu ɗaya ba ne: aikata abu ba tare da tunanin ƙarshensa ba daban, kasa jurewa a kan aiki daban, aikata abu cikin zafin rai daban, son sabon abu shi ma daban. Mai kaifin ji da ke son tafiya ƙasar da bai taɓa zuwa ba zai tafi, amma sai ya karanta komai a kanta, ya san inda zai kwana, ya tanadi abin da zai yi in lamari ya ɓaci. Kasadarsa mai lissafi ce.

## Inda masana suka saɓa

Ƙishirwar sabon abu ta daɗe da samun gindin zama a ilimin halayyar ɗan Adam. An fassara ma'aunin Zuckerman zuwa harsuna da dama, kuma bincike mai yawa ya nuna alaƙarta da shaye-shaye, caca da tuƙin ganganci, haka nan da zaɓen sana'o'i masu haɗari da mutane ke amfana da su, irin kashe gobara. Kaifin ji kuwa har yanzu ana ja-in-ja a kansa.

Masu suka suna cewa ba sabon hali ba ne, tsofaffin halaye ne biyu da aka riga aka sani aka haɗa aka ba su suna mai daɗin ji: saurin shiga damuwa, da buɗaɗɗiyar zuciya ga fasaha da sabon tunani. Suna kafa hujja da binciken 2006 na Kathy Smolewska da abokan aikinta a Kanada, wanda ya nuna cewa tambayoyi 27 ɗin nan abu uku suke aunawa: saurin rikicewa in abubuwa sun yi yawa, rashin jure ƙara ko haske mai ƙarfi, da jin daɗin kyawawan abubuwa. Biyun farko sun fi tafiya da damuwa, na ukun ya fi tafiya da son sabon tunani. In haka ne, in ji su, ba abin mamaki ba ne a samu mai kaifin ji da ke son sabon abu, tunda wani yanki na ma'aunin dama can yana kusa da wannan son. Suna kuma nuni da cewa kusan duk abin da aka sani daga bakin masu amsa tambayoyi ya fito, mutum kuwa yakan bayyana kansa yadda yake so a gan shi. Binciken hoton ƙwaƙwalwa na 2014 da Bianca Acevedo ta jagoranta, wanda ake yawan ambatawa a intanet, mutum 18 kacal ya ƙunsa.

Magoya baya suna amsawa cewa alaƙa da damuwa ba ta cinye halin duka ba, kuma babu yadda saurin damuwa zai bayyana dalilin da ya sa masu kaifin ji ke fin kowa amfana da kyakkyawar kulawa. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ita ce ta sa masu bincike da dama suka ci gaba da ɗaukar halin da muhimmanci.

Ɓangaren gado ma ya koyar da darasi. A 1996 aka yi ta yayata cewa an gano ƙwayar gado mai suna DRD4 da ke da alaƙa da son sabon abu, amma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da wannan alaƙa yadda aka zata ba. Fahimtar da ake kai yanzu ita ce, halaye irin waɗannan ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne ke haɗuwa su gina su, kowacce da ɗan ƙaramin tasiri. Game da haɗuwar halayen biyu a mutum ɗaya kuwa, binciken da aka yi bai kai ko kusa da wanda aka yi a kan kowanne shi kaɗai ba. Hukunci mai adalci shi ne: cewa halayen na iya haɗuwa yana da tushe mai kyau, amma duk wanda ya zo da tabbaci a kan yadda ƙwaƙwalwar irin wannan mutum take dalla-dalla ya wuce inda hujja ta tsaya.

## Yadda abin ke shafar rayuwar yau da kullum

A wurin aiki, irin wannan mutum yakan ƙware da sauri sannan ya gundura da sauri. Aikin da kullum iri ɗaya ne yana kashe masa jiki, aikin da kullum cikin gudu da hayaniya yake yana ƙone shi. Sai takardunsa su nuna ya sauya wuri sau da yawa, masu ɗaukar aiki su karanta hakan a matsayin rashin tsayawa, shi ma ya fara yarda da su.

A zaman aure da abota lamarin ya fi zafi. Shi ne ya kawo shawarar a fita, shi ne ya fi kowa ɗoki, kuma shi ne na farko da zai ce a koma gida. Abokin zama da bai san dalili ba zai ɗauka wulaƙanci ne ko rashin alƙibla. A wajen yara ma haka: yaron da ya dami iyaye a kai shi wurin wasa, da an isa ya maƙale a gefe yana kallo, ya shiga daga baya ya yi wasa fiye da kowa, a hanyar dawowa kuma ya ɓarke da kuka. Sau da yawa ana kiran wannan shagwaɓa ko taurin kai, alhali tsayawar da ya yi a gefe dubawa ce, kukan kuma cikar kai.

Wayar hannu ta zo wa masu wannan hali da tarko na musamman. Tana ba da sabon abu ba iyaka, ba tare da an motsa daga kan gado ba, ba kuma wani haɗari da ido ke gani. Tana kashe ƙishirwar na ɗan lokaci, amma kowane hoto da labari da gardama sai ya bi ta wannan zurfin sarrafawa. Mutum yana ganin hutawa yake yi, ƙwaƙwalwarsa kuwa aiki take. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan: wanda son gwada abu ke ja zuwa kayan maye, sannan ya gano suna kashe masa hayaniyar da ke cikin kai, ƙofa biyu ce ta buɗe masa zuwa abu ɗaya.

## Me daidaitawa take nufi?

Shawarwarin da ke yawo a wannan fanni yawancinsu daga gogewar masu ba da shawara da masu halin suka fito, ba daga manyan gwaje-gwaje ba, kuma sun kasu biyu. Wasu suna fifita kariya: a rage hayaniya, a koyi cewa a'a, a tsare lokacin hutu. Wasu suna gargaɗin cewa yawan kaucewa yana ƙara tsoro, abin da likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe da tabbatarwa a kan ciwon fargaba, don haka wanda ya mayar da kaifin ji hujjar gudun duk abin da ke takura masa, duniyarsa za ta yi ta ƙanƙancewa. Ga wanda ya haɗa halayen biyu, kowane ɓangare ya faɗi rabin gaskiya. Kariya kaɗai za ta bar shi da gundura, turawa kaɗai za ta durƙusar da shi.

Mafita ba tsayawa a tsakiya ba ce, a yi rabin fita rabin zama. Abin da ya fi ma'ana shi ne a warware abubuwa uku da suka saba zuwa a dunƙule: sabunta, ƙarfi da haɗari. Ƙishirwar irin wannan mutum ta sabunta ce. Abin da ke gajiyar da shi ƙarfi ne, wato ƙara, cunkoso, gaggawa da tsawon lokaci. Abin da birkinsa ke ƙi kuma haɗari ne. Ana iya samun na farko ba tare da sauran biyun ba. Koyon sabon harshe ko sana'ar hannu, shiga fannin ilimin da bai taɓa leƙawa ba, tafiya wurin da bai sani ba a lokacin da babu cunkoso, doguwar hira da mutum ɗaya mai ra'ayi daban maimakon taron mutum ɗari: duk sababbi ne, kuma ba su da tsawa. A wajen aiki, abin da ya fi dacewa shi ne wanda tsarinsa tabbatacce ne amma abin da ke cikinsa yana sauyawa, kamar bincike, koyarwa, rubutu ko gyaran abubuwa, inda wurin zama ɗaya ne amma matsalar yau ba ta jiya ba ce.

Sai batun lissafin hutu. Mai wannan hali yakan ce to a ranar da yake da ƙarfi, amma ranar cika alkawari wani mutum ne daban, wanda ya riga ya gaji. Jinkirta amsa zuwa gobe yana rage wannan. Haka ma sanya ranar hutu a cikin shirin tafiya tun farko, a ɗauke ta wani ɓangare na tafiyar, da tanadin hanyar barin taro da wuri ba tare da an ɓata wa kowa ba. Sanin cewa ƙofa a buɗe take sau da yawa yakan sa mutum ya daɗe fiye da yadda ya zata. Abokin zama kuma ya fi sauƙin fahimta in an gaya masa tun kafin a fita, ba a tsakiyar taro ba.

Bambance gundura da cikar kai yana buƙatar a dubi baya, ba abin da ake ji a lokacin kaɗai ba. Yaya kwana biyun da suka wuce suka kasance? In cike suke da mutane da hidima da ƙarancin barci, rashin sukunin nan gajiya ce, ko da tana raɗa wa mutum ya fita. In kuwa babu abin da ya faru a cikinsu, ƙishirwa ce. Ɗan zama shiru ba waya yakan raba gardama: wanda kansa ya cika zai ji sauƙi, wanda ya gundura zai ji abin ya ƙaru.

## Inda lamarin ya wuce hali

Kaifin ji da ƙishirwar sabon abu ba cuta ba ne. Babu ɗayansu a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ko a na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka. Amma akwai cututtuka da yanayoyin da ke kama da su, kuma sunan hali mai daɗin ji yana iya rufe su har a makara.

Matsalar rashin tattara hankali da ake kira ADHD tana zuwa da saurin gundura, sai dai tana tafe da mantuwa, kasa kammala aiki da garaje, kuma alamunta suna farawa kafin shekara 12. Otizim yana zuwa da rashin jure ƙara ko haske, tare da bambanci a yadda mutum ke mu'amala da son abubuwa su tafi a tsari ɗaya. Ciwon hawa da saukar yanayi ya fi kowanne kama da zagayen ɗoki da durƙushewa, amma a cikinsa mutum yakan yi kwanaki a jere yana barci kaɗan ba tare da jin gajiya ba, maganarsa ta yi sauri, ya kashe kuɗi ko ya yanke hukuncin da ba halinsa ba. Mai kaifin ji kuwa in ya rasa barci, washegari jikinsa zai gaya masa. Firgita da rashin jure hayaniya da suka fara bayan wani mummunan abu ya faru, ba tun yarinta ba, su ma wani lamari ne daban.

Duk wanda ɓuyarsa ta kai mako biyu ba ya jin daɗin abin da ya saba so, ko neman sabon abu ya fara ci masa dukiya, aure ko lafiya, ko tunanin cutar da kansa ya fara zo masa, likita ko ƙwararren masanin halayya ya kamata ya gani, domin gwajin intanet ba ya iya bambance waɗannan da hali.